Yadda Za Ka Haɗa Teburin Katako a Gida da Falanki Ɗaya da Tu-bai-tiri Ɗaya

Teburin farko da na haɗa da hannuna, a watan Agusta na yi shi, damina ta yi tsaka. Na sayo katako da hantsi, kafin la'asar na fara buga ƙusa, washegari na shafa masa banish yana ta ƙyalli. Yara suka yi ta karatu a kansa har ruwa ya ɗauke. Da hunturu ya kankama, wata safiya na ga haske yana ratsowa ta tsakiyar saman, daidai inda falankan biyu suka haɗu. Kafin Janairu ya ƙare tsagar ta buɗe har biro yana maƙalewa a ciki, gefe ɗaya kuma ya ɗaga kamar bakin faranti. Na kira wani dattijon kafinta da ke unguwarmu ya duba. Ya shafa saman da tafin hannu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce aikin hannun ba laifi, katakon ne na ɗaure tun bai gama shan iska ba.

Tun daga ranar na gane cewa rabin aikin tebur a kasuwa ake gama shi. A nan ake yin arahar, a nan kuma ake yin asarar. Teburin da zan nuna maka na karatu ne ko na cin abinci ga mutum biyu zuwa uku: tsawo inci 46, faɗi kamar inci 22, tsayi daga ƙasa kusan inci 30, wato wajen santimita 75, tsayin da ya dace da kujerar zama ta yau da kullum. Katako biyu kacal zai ci, falanki ɗaya na wan-bai-tuwelf (kauri inci 1, faɗi inci 12) da tu-bai-tiri ɗaya (kauri inci 2, faɗi inci 3), kowanne mai tsawon ƙafa 12 kamar yadda ake sayar da su.

Ka yi lissafi kafin ka fita

Ƙafa 12 inci 144 ke nan. Daga falankin za a yanko guda biyu masu inci 46, su ne saman tebur. Ragowar, wanda zai kai inci 48 bayan an zubar da bakunan da suka tsage, za a tsaga shi a tsaye gida uku, kowace tsaga faɗin inci 3 da rabi. Waɗannan su ne katakan da ke zagaye ƙafafu ta sama su riƙe su, zan riƙa kiran su ɗamara. Tsaga biyu za a rage su zuwa inci 42, dogayen ɗamara ke nan. Ta ukun a fitar da guda biyu masu inci 17 da rabi, gajerun ɗamara.

Daga tu-bai-tirin za a yanko ƙafafu 4 masu inci 29. Sun cinye inci 116, saura 28. A cikin sauran a fitar da guda mai inci 17 da rabi wanda zai gitta tsakiyar ɗamara, guntun da ya rage kuma kada ka bar shi a kasuwa, yana da aiki a gaba.

Ka rubuta wannan a takarda ka sa a aljihu. Amma ka sani sunan katako daban, ainihin awonsa daban. Abin da ake kira inci 12 yakan koma wajen 11 bayan an goge shi, kaurin inci ɗaya kuma ya koma tiri-kwata, wato kashi 3 cikin 4 na inci. Lissafin nan da haka na yi shi. In naka ya fito da faɗin da ya ɗara ko ya gaza, gajerun ɗamara da katakon tsakiya su ne za ka ƙara ko ka rage, yadda saman zai zarce ɗamara da inci ɗaya da rabi ta kowane gefe.

In kuma a gidanku kan tabarma ake zama, ƙafafu kawai za ka gajarta zuwa inci 12 ko 13. Sauran aikin duk ɗaya ne.

A kasuwar katako

Duk babban gari yana da 'yan katako. A Kano akwai Na'ibawa da Rijiyar Lemo, a Kaduna akwai Panteka, a Jos da Yamai akwai kasuwannin da sunansu ma Katako. Farashi yana motsi kusan kowane wata, saboda haka ka taya a rumfa uku kafin ka ciro kuɗi. Ka tafi da tef ɗin awo naka.

Wane iri za ka saya? Obeche shi ne mara nauyi, yana da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi, amma yana da laushi ƙwarai, farce ma yana yi masa shaida, ƙwaro kuma yana son sa. Afara ya ɗan fi shi ƙarfi, shi ma sai an yi masa magani. Malaina, itacen da aka kawo daga Asiya ake shukawa a gandun daji, ni shi na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi: in ya bushe sosai ba ya yawan motsi, yana karɓar gam da fenti. Aibinsa ɗaya, yana daɗewa bai bushe ba, kuma sau da yawa ɗanye ake kawo shi. Maɗaci ja ne, mai nauyi, mai kyan gani, tebur ɗinsa har jikoki, sai dai ya fi tsada kuma ba ya karɓar sukuru sai an huda. Loko ya fi su jure gara da laima, sai dai kuɗinsa ya yi yawa ga mai haɗa teburinsa na farko. In da hali ka raba: ƙafafu na maɗaci, sama na malaina. Ƙafafu su ne ke ɗaukar wahala.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, wato bushewa. Yawancin katakon da ke kasuwannin Arewa daga Kudu da tsakiyar ƙasa ake kawo shi, inda iska ke da laima. Yana isowa da ruwa a jikinsa. Katako kuwa idan yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Shi ya sa nawa ya buɗe a tsakiya: kowane falanki ya ja jikinsa, ƙusa ta riƙe gefuna, sai mahaɗar ta saki. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ɗanyen falanki ba ya jiran a tanƙwara shi, da kansa yake yi, a gidanka, bayan ka gama biya.

Ka ɗaga falanki biyu iri ɗaya, ka ɗauki wanda ya fi sauƙin nauyi. Ka ɗora bayan hannunka a kai: ɗanye yana da sanyi-sanyi ko da rana ta take. Ka ƙwanƙwasa, busasshe yana amsawa da ƙara mai tsini, ɗanye kuma dum-dum. In ana yanka irinsa a wurin, ka damƙi garin da ke zubowa, in ya dunƙule a hannunka da saura. Kada ka ji nauyin cewa, "Alhaji, a ciro min na ƙasan can, wanda ya daɗe a rumfa." Wanda ya yi ƙura ya dushe sau da yawa ya fi sabon saukewa mai sheƙi.

Bayan haka ka ɗaga baki ɗaya zuwa idonka, ka kalli tsawonsa kamar mai saitin bindiga. Ɗan lanƙwasa kaɗan zai tafi in an yanka shi gajeru. Amma wanda ya murɗe kamar igiya, bar shi ko da rabin kuɗi aka ce, araha ba ta ado. Ka duba ƙananan ramuka masu zubar da gari fari kamar fulawa, alamar ƙwaro na ciki ke nan. Ka duba idon katako, in ya yi baƙi yana motsi zai faɗo wata rana.

In ka samu busasshe, sai a yi komai a wurin. Kusa da 'yan katako akwai masu inji. Ka ba su takardarka su goge fuska biyu da gefuna, su tsaga, su yanka. Kuɗin da za su karɓa bai kai wahalar kwana biyu da zarto ba, kuma yankan inji ya fi na hannun sabon shiga miƙewa. Ka tsaya a kansu a yanka ƙafafu huɗun a jere, tsawo ɗaya. Ka roƙi a miƙar da gefunan falankan sama da kyau, don su ne za a manna. Akwai wata riba kuma: katako mai ƙafa 12 sai an nemi kura ko mota, amma yankakke a ƙafarka za ka ajiye shi cikin A Daidaita Sahu.

In kuwa duk kasuwar ɗanye ne, a yanka maka da ɗan rara kawai, kada a goge. Ka kai gida ka jera a inuwa inda iska ke wucewa, a kan bulo, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa, ka danne da abu mai nauyi. Kada ka shanya a rana, tsagewa zai yi. Mai ɗan saura makonni kaɗan na hunturu sun ishe shi, ɗanye sharaf kuwa sai watanni. Kana iya gwadawa da guntu: ka ƙulle shi a leda ka ajiye a rana na awa biyu, in leda ta yi gumi ta ciki bai yi ba. Sai ya bushe ka mayar a goge. Saboda wannan ne nake ganin daga Janairu zuwa Maris ya fi kowane lokaci dacewa da wannan aiki.

Wasu suna amfani da katakon falet na ɗaukar kaya, kuma yana yin araha sosai. In za ka bi nan, ka duba hatimin da ke gefensa. HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba matsala. MB yana nufin an yi masa hayaƙin guba, kada ya zama teburin cin abinci. Wanda mai ko sinadari ya zuba a kansa shi ma a bar shi.

Kayan aiki

Tef, fensir, sikwaya (ma'aunin daidaita kusurwa), zarto, guduma, sukurudireba, da abin huda katako. Injin huda na lantarki ko na batir ka ara ko ka yi haya na yini ɗaya, ba sai ka saya ba. Sai farin gam na katako irin su Top Bond, ƙaramin gwangwani ya isa, sukuru mai inci 2 kamar guda 40, mai inci ɗaya da rabi kamar 20, samfefa lamba 80 da 120 da 180, maganin gara, banish da buroshi. Sai tsohon tub na babur ko na mota daga wurin mai faci, a yanka shi dogayen zirin roba. Shi ne zai tsaya maka a madadin ƙarfen matse katako.

Na zaɓi sukuru a kan ƙusa da gangan. Tebur kullum a cikin ja da turawa yake, ƙusa kuwa da sannu take zamewa, sai ka ga tebur ya fara rangaji. Sukuru yana riƙewa, in ya saki kuma a ƙara ɗaure shi.

Fara da saman

Shi za ka fara don gam ya samu lokacin kamawa. Ka kwantar da falankan biyu a daɓe shimfiɗaɗɗe mara tudu da kwari, ka haɗa gefunansu ba gam, ka leƙa. In haske yana wucewa, ka nannaɗe samfefa lamba 80 a jikin miƙaƙƙen katako ka goge tudun har su haɗu. Gam ba ya cike rami, itace da itace yake so su taɓa juna.

Ka kalli bakin kowane falanki, za ka ga layuka masu lanƙwasa kamar baka. Ka sa na ɗaya ya kalli sama, na ɗayan ya kalli ƙasa. In ma za su ɗan motsa nan gaba, ba za su haɗu su zama kwano ba.

Ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka shafa gam a gefuna biyun da yatsa, siriri amma ko'ina ya samu. Ka haɗa, ka ɗan goga su gaba da baya, sannan ka zagaya da roba a wuri 4 ko 5, kana ja da ƙarfi kana nannaɗewa. Ka ga gam ya tsattsafo a tsawon layin, alamar ya matsu ke nan. Ka share shi da ɗanyen tsumma nan take, domin inda gam ya bushe banish ba ya shiga, tabo fari zai bari. Ka gitta katako biyu a kai ka ɗora bulo don kada roba ta tanƙwara saman. Sai gobe war haka.

Ɗamara da ƙafafu

Kafin ka haɗa komai, ka goge ƙafafu da ɗamara da samfefa, ya fi sauƙi yanzu. Maganin gara kuwa ka bari sai an gama haɗawa, don wasu irinsa masu maiƙo ne, suna hana gam kamawa.

Ka tsayar da ɗamara huɗu a kan gefensu su yi akwati, gajerun a tsakanin dogayen. A kowace kusurwa ka huda ramuka biyu a jikin doguwar, kamar kaurin sukurun, ka ci gaba da siririn rami cikin bakin gajeriyar. Kada ka tsallake hudar nan. Sukuru kusa da bakin katako ba huda, tsaga shi yake yi, ballantana maɗaci. Ka ɗan faɗaɗa bakin ramin yadda kan sukurun zai nutse. Gam, sannan sukuru mai inci 2.

Tun gam bai kama ba, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, ka sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, akwatinka ya daidaita. In ɗaya ya fi, ka matsa kusurwoyin da suka fi nisa har su zo daidai. Wannan awo ya fi sikwaya gaskiya, domin sikwaya mai araha ita kanta wani lokaci a karkace take.

Akwatin yana kwance a daɓe, ka tsayar da ƙafa a cikin kowace kusurwa, kanta a ƙasa yana taɓa daɓen, wato teburin a kife yake. Faffaɗan gefen ƙafar ya jingina da doguwar ɗamara. Ka shafa gam a fuskoki biyun da ke taɓa ɗamara, ka ɗaure da roba, ka duba da sikwaya ta ɓangare biyu cewa ƙafar a miƙe take. Daga waje ka sa sukuru 3 ta doguwar ɗamara, 2 ta gajeriya. Kada ka jera su a layi ɗaya, ka saɓa su, kuma ka lura na wannan gefe kada su ci karo da na wancan a cikin ƙafar. A nan ƙarfin teburin yake gaba ɗaya, kada ka yi rowar gam. Daga nan ka sa katakon tsakiya a gitte, samansa daidai da saman ɗamara, sukuru biyu ta kowane baki.

In teburin zai ɗauki keken ɗinki ko injin markaɗe, ka ƙara tu-bai-tu ɗaya: guda biyu su haɗa ƙafafun kowane gefe, inci 6 daga ƙasa, dogo ɗaya ya haɗa su ta tsakiya.

Ɗora saman, ba tare da gam ba

Ga kuskure na biyu da na yi a teburin farko: na buga saman da ƙusa ta ko'ina, ban bar masa wurin numfashi ba. Ko busasshen katako yana ɗan kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kowace shekara, muddin yana nan. Ba a hana shi, hanya ake ba shi.

Ka warware robar, ka goge saman, ka kife shi a kan tsohon bargo. Ka kifa ƙafafun a kai, ka daidaita: inci 2 ta kowane baki, inci ɗaya da rabi ta kowane gefe. Guntun nan da na ce kada ka bari a kasuwa, da sauran ɓarɓashin ɗamara, ka yanka 'yan ƙananan katakai guda 8, kauri kamar inci ɗaya, tsawo inci 3. Ka manna su a cikin ɗamara da gam da sukuru, uku-uku a dogaye, ɗaya-ɗaya a tsakiyar gajeru, suna taɓa saman. Ta cikinsu sukuru mai inci ɗaya da rabi zai shiga saman daga ƙasa. Ramukan waɗanda ke jikin dogayen ɗamara ka jujjuya abin huda su ɗan yi tsawo ta wajen faɗin tebur, yadda sukurun zai samu wurin matsawa. Na tsakiyar gajerun su ka ɗaure tam. Kafin ka murɗa kowanne, ka kara sukurun a gefe ka gani: rabin inci kawai ake so ya shiga saman, kada tsininsa ya ɓullo ta fuska.

Da haka fuskar teburin ba ta da kan ƙusa ko ɗaya, ranar ƙaura kuma sai ka kwance saman a fita da shi ta ƙaramar ƙofa.

Ka juya shi ya tsaya. In yana ɗingishi, ka gwada shi a wuri biyu ko uku tukuna, don sau da yawa daɓen ne. In ƙafar ce, ka goge wadda ta fi tsawo da samfefa lamba 80 kaɗan-kaɗan. Kada ka ɗauko zarto.

Gogewa da shafe

Ramukan kan sukuru da ke waje, ka kwaɓa lallausan garin katako da gam ka cike, in ya bushe ka goge. Ka bi duk teburin da lamba 120, sannan 180, kana bin tsawon jijiyar katakon. In ka gitta, karcen zai fito fili da zarar banish ya hau. Ka kashe kaifin gefuna da kusurwoyi, musamman in akwai yara masu rarrafe ko tatata, don kusurwar tebur daidai goshinsu take. Ka ɗaura takunkumi, ƙurar wasu katakan, kamar loko, tana tayar da tari da ƙaiƙayi.

Ka shafa maganin gara a ƙarƙashi, da cikin ɗamara, da ƙafafu, ka ba ƙasan ƙafafun ya sha sosai. Kada ka shafa a fuskar da za a ci abinci. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi bai dace da tebur ba, yana wari, yana ɓata tufafi.

Banish kuwa, shafin farko ka tsinka shi da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin don ya shige cikin katakon. Ya bushe, ka shafa lamba 180 sama-sama, ka share ƙurar, ka sake. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri wanda zai yi ta zirara. Ƙarƙashin saman shi ma ka ba shi aƙalla shafi biyu: in fuska ɗaya ce a rufe, ɗayar ita kaɗai za ta riƙa shan laima, sai saman ya lanƙwashe. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ka yi shafen a zaure ko ɗakin da iska ke shiga, ka yayyafa ruwa a daɓe tukuna, ka nisanta shi daga murhu da yara.

Ka ba shi kwana 3 kafin a ɗora masa kaya. Daga ragowar robar tub ka yanko 'yan faifai huɗu ka kafa a ƙasan ƙafafu da ƙananan ƙusoshi, don ruwan wanke daɓe kada ya riƙa shiga ta nan. Idan ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, ka kife shi ka bi sukuran ƙafafu da sukurudireba, za ka tarar wasu suna neman rabin murɗi.